Kafin Ka Sayi Zomo, Ina Zai Kwana?



Duk wanda yake ajin ƙarshe ya san hirar da ta fi yawa yanzu a bakin aji da gindin bishiya: bayan difloma sai me? Mai ƙaramar difloma ba ya zuwa bautar ƙasa, kuma sai ya yi shekara guda ta sanin makamar aiki kafin ya nemi babbar difloma. Aikin gwamnati kuwa, kowa ya san yadda ake ciki. Shi ya sa da yawanmu muka karkata ga ƙaramin kiwo. Wannan ya ce zomaye zai fara, wancan ya ce tantabaru, wata ta ce salwa ko kajin gida, wani kuma tuni ya gama lissafin tarwaɗa a tanki har da ribar da zai ci.

Tunani ne mai kyau, ba ni da ja. Abin da nake ja da shi shi ne tsarin lissafin. Ka saurara da kyau za ka ji ana maganar kuɗin dabba, kuɗin abinci, da farashin sayarwa. Da wuya ka ji wanda ya ce ga inda dabbar za ta kwana, ga abin da za ta taka, ga yadda iska za ta shiga, ga yadda zan ɗauke ta ranar da ruwa ya shigo gida. Ra'ayina shi ne, a ƙasa irin tamu ta Guri da sauran garuruwan bakin kogin Haɗeja, kuɗin farko na maƙwanci ne. Wanda ya sayi dabba bai tanadi ɗakinta ba, ya sayo wa kansa asara ne da kuɗinsa.

Ƙasar da muke ciki

Dalilina na farko shi ne yanayin wurin. Guri tana cikin fadamar da kogin Haɗeja da na Jama'are suke bazuwa kafin su haɗu su zama kogin Yobe mai gangarawa Tafkin Chadi. Albarkar wannan fadama ita ce shinkafarmu da kifinmu da makiyayarmu. Amma tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sauya, ciyawar kacala ta samu wurin zama ta toshe hanyoyi da dama. Ruwan da ya rasa hanyarsa kuwa sai ya nemi wata, sau da yawa ta cikin gonaki da gidaje. Mutanen Guri da Kadira da Abunabo da Musari ba sa buƙatar a ba su labarin ambaliya. Wadda aka yi a 2022 ta kashe mutane sama da 600 a faɗin Nijeriya, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. Kafin ita an ga ta 2012 da 2018 da 2020.

In ruwa ya zo, ana lissafa gidaje da gonaki da buhunan hatsi. Ba wanda yake ƙirga kajin da suka nutse a akurkin ƙasa, ko zomayen da ruwa ya ci a rami. Alhali waɗannan su ne asusun mata da yara. Kaza biyu ake sayarwa a sayi maganin zazzaɓi. 'Yan shila ake kai wa kasuwa a sayi littafi. Ranar da suka tafi, gidan ya rasa ɗan abin da zai fara farfaɗowa da shi.

Ko shekarar da ba a yi ambaliya ba, abubuwa uku suna jiran mai kiwo. Akwai laimar Agusta da Satumba, lokacin da ƙasa take jiƙewa har gindin bango ya riƙa tsattsafo. Akwai hunturu mai iska da ƙura daga Disamba zuwa Fabrairu. Akwai kuma zafin Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40. Kejin da ka gani a YouTube, wanda wani ya ƙera a Ibadan ko a Ingila, ba a yi shi don ko ɗaya daga cikin ukun nan ba. Ka kwafo shi yadda yake, dabbarka ce za ta biya kuɗin kwafin.

Ma'aunin da ke jikin bango

Ba sai an je nesa neman tsayin ƙafar keji ba. Kowace unguwa da ruwa ya taɓa shiga akwai alamarsa a jikin bango ko gindin bishiya. Ka tambayi dattawan gida inda ruwan ya tsaya a shekara mafi muni, ka auna, ka ƙara taƙi biyu a kai. Wannan shi ne tsayin ƙafar kejinka. Ko a tudu kake, kada ya gaza santimita 80, saboda kare da muzuru da gafiya, kuma don iska ta riƙa bi ta ƙasa.

Sharaɗi na biyu, wanda nake ganin ya fi kowanne muhimmanci a wajenmu: duk kejin da mutum biyu ba za su iya ɗagawa su ɗora a amalanke ko kwale-kwale ba, bai dace da Guri ba. Mutane suna son gina dogon keji mai ɗaki shida a haɗe, a kafe shi da siminti don ya yi kyan gani. Ranar gudu fa? Gara ƙanana uku masu ɗaki bibbiyu, kowanne da mariƙi. Da rani ka kai su inuwar darbejiya, da hunturu ka jingina su da bango, da damina in abin ya ɓaci ka haye da su tudu.

Na uku shi ne fuskar keji. Hadarin damina a wajenmu daga gabas yake tasowa, iskar hunturu kuma daga arewa maso gabas. To waɗannan ɓangarori su ake toshewa da zana ko asabari, a bar kudu da yamma su sha iska, a sa musu labulen buhu da za a iya saukewa in rana ta karkata. Rufin kwano tsura kuwa tanderu ne a watan Afrilu. In dole sai da kwano, a ɗora masa kara ko zana a sama, a bar 'yar tazara tsakaninsu. Ƙafafun kuma a tsoma su cikin gwangwanaye masu baƙin mai ko toka, saboda kwarkwasa da gara. Duk wannan ba ya cin kuɗin kirki. Tunani yake ci.

Zomo da zafi

Zomo ba ya gumi irin namu. Ta kunnuwansa da numfashi yake rage zafin jiki, shi ya sa da zarar zafi ya haura digiri 30 zai fara wahala. Zai rage ci, namijin zai iya kasa ba da ciki na tsawon makonni, uwa mai ciki kuma tana iya mutuwa da rana tsaka. Ka kwatanta wannan da zafin bazarar Haɗeja, za ka gane cewa inuwa da iska su ne rabin kiwon zomo a nan. Jiƙaƙƙen buhu a kan rufi, da fasasshen tulu ko randa mai sanyi da zomon zai jingina da ita, sun fi duk wani maganin da za a sayar maka a leda.

Uwa guda tana buƙatar ɗaki mai tsawon kamar santimita 90, faɗi 60, tsayi 45 zuwa 50, yadda za ta iya miƙewa ta kuma tsaya da ƙafafun baya. Daɓen ya zama na ragar waya mai ƙananan idanu ko tsagin katako, don kashi da fitsari su zuba ƙasa. Amma a sa mata ɗan allo a gefe guda da za ta huta a kai, in ba haka ba waya za ta ci mata tafin ƙafa. Wayar kaji mai laushi ba ta yi wa zomo, yana tsinka ta da haƙori, kare ma yana yaga ta.

Cikin zomo kamar kwana 31 ne. A wajen kwana na 28 ake saka akwatin haihuwa da busasshiyar ciyawa mai laushi, ita kuma za ta tsige gashinta ta ƙarasa shimfiɗar. 'Ya'yan suna zuwa tsirara, ido a rufe, sai bayan kamar kwana goma suke buɗewa. In babu akwati za ta zubar da su a kan waya, sanyin asuba ɗaya na hunturu ya gama da su. Sai ka ji mutum yana cewa ai zomon ba shi da sa'a, ko an yi masa baki. Haba ɗan'uwa, akwatin da ragowar katako zai yi shi ne ya gagara.

Ɓeran Masar da ƙannenmu suke ajiyewa don sha'awa shi kuma daban ne. Ƙafarsa ba ta jure waya sam, daɓe mai santsi da shimfiɗa busasshiya yake so, da ɗan lungun ɓuya, da ɗanyen ganye kullum. Wanda ya saya wa yaro shi ya zuba a kwali, kwana nawa kwalin zai yi kafin fitsari ya narkar da shi?

Tantabara da sauran tsuntsaye

A nan dole a yaba wa magabata. Tukunya ko tulun da suke ratayewa ko su gina a jikin bango ya fi gwangwanin da muke ƙusawa yanzu, domin yumɓu yana riƙe sanyi da rana, ƙarfe kuwa gasa ƙwai yake yi. Gyara biyu kawai nake gani. Na farko, a ɗaga ɗakin sama a kan dirka, a naɗa wa dirkar kwano mai santsi yadda muzuru da maciji ba za su hau ba. Na biyu, kowane aure a ba shi gurbi biyu. Tantabara ƙwai biyu take yi, ta kwanta kamar kwana 18, kuma tun 'yan shila ba su bar gurbi ba take sake nasa wasu. In gurbi ɗaya ne, ko ƙwan ya fashe ko a ture 'yan shilar ƙasa.

Mai kanari ko aku shi ma ya duba kejinsa. Tsuntsun da ba zai iya buɗe fukafukansa ya tashi daga wannan sanda zuwa waccan ba, a ɗaure yake. Kuma a daina rataye keji a bakin madafa inda hayaƙi yake, ko a rana don a ji daɗin kukansa.

Akwai abin da ya shafe mu fiye da sauran wurare. Fadamarmu masaukin tsuntsayen ƙetare ce. Daga dajin Baturiya zuwa Dagona da tafkin Nguru, dubban tsuntsaye suke sauka duk shekara daga Turai da Asiya suna gudun sanyi. Abin alfahari ne, amma tsuntsayen ruwa su ne sanannun masu ɗauke da murar tsuntsaye, wadda aka fara tabbatar da ita a Nijeriya a Fabrairun 2006 a wata gonar kaji da ke Jaji a jihar Kaduna. Don haka akurkin da yake buɗe ga kowane tsuntsu, ko ake ɗebo masa ruwa kai-tsaye daga kududdufin da agwagin daji suke wanka, ƙofa ce a buɗe. A raba agwagi da kaji. Duk sabon tsuntsun da aka sayo daga kasuwa a ware shi mako biyu a keji daban kafin a haɗa. Wannan keji na warewa, ko na kara ne, yana cikin kayan da ake tanada tun farko.

Shimfiɗa: arzikin da muke ƙonawa

Ka bi ta bayan kowane injin gyaran shinkafa daga Haɗeja zuwa Guri, za ka ga tulin ɓuntu, wani wurin ma wuta ake cinna masa. Ga shi kuwa yana daga cikin shimfiɗu masu kyau ga kaji da salwa da zabi: ba ya dunƙulewa da wuri, kuma kusan kyauta ne. A zuba shi kaurin santimita 5 zuwa 10, a riƙa juya shi, a kwashe inda ya jiƙe kusa da mazubin ruwa. Gwajinsa mai sauƙi ne. Ka damƙi shimfiɗar a hannu ka saki. In ta watse, lafiya. In ta dunƙule kamar fura, ta jiƙe, a canza.

Me ya sa jiƙa take da haɗari haka? Kashin tsuntsu in ya haɗu da laima da ɗumi yana fitar da iskar amoniya, wannan warin da yake sa ido hawaye. Kai da kake tsaye ka ji shi, to yaya tsakon da hancinsa yake dab da ƙasa? Tana ƙona ido da hanyar numfashi, ta buɗe wa sauran cututtuka hanya. A cikin jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ne kuma ƙwayar cutar da ke sa kashin jini take nuna ta kama tsaki. Shimfiɗar da ta yi fumfuna ita ma tana shiga huhunsu. Shi ya sa ɓuntun da za a yi amfani da shi da damina tun rani ake tara shi a buhu, a ɗora a kan dakali ko rumbu. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Garin katako mai laushi bai dace da tsaki ba, suna ci yana toshe su, ƙurarsa kuma tana damun su. Jarida ko leda mai santsi tana sa ƙafafunsu su baje. A kwanakin farko a shimfiɗa tsohon buhu mai kaushi a kan ɓuntun har su gane abinci. Ɗumin da suke so a makon farko digiri 32 zuwa 35 ne, a riƙa ragewa duk mako. Masu ɗumama su da gawayi da hunturu su kula: gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai kisa marar wari, ga tsaki ga mutum. A bar kafar iska ta sama ko da ana sanyi.

Tsohuwar shimfiɗa ba shara ba ce. In ta ruɓe taki ce mai ƙarfi ga albasa da tumatir da barkono. Mai kiwon da ya iya shimfiɗa yana da abin sayarwa biyu. Abincin dabbobi kuma a rufe shi a mazubi mai murfi, domin dusa a buɗe ɓera take kira, ɓera kuwa shi ne mai yaɗa zazzaɓin Lassa.

Tanki ba kogi ba ne

Za a ce, mu da muka tashi cikin kifi, wa zai koya mana tarwaɗa? Kamun kifi daban, kiwonsa daban. A fadama ruwa yana tafiya yana wanke kansa. A tanki duk abin da kifi ya kasayar da duk abincin da ya rage suna nan tare da shi, suna zama amoniya, kuma gubarta tana ƙaruwa in ruwa ya yi zafi. Tarwaɗa tana iya haɗiyar iska daga sama, shi ya sa take jure abin da karfasa ba za ta jure ba. Wannan juriya ce take ruɗar mutane su cusa ɗari uku a inda hamsin zuwa ɗari ya kamata. Ba za su mutu yau ba, amma za su daina girma, fatarsu ta yi gyambo, kana ta zuba abinci mai tsada a banza.

Ga lissafin da nake so kowa ya yi kafin ya sayi ko ɗan kifi ɗaya. Tanki mai lita 1,000, in za ka canza kashi ɗaya cikin uku na ruwansa kullum, kana buƙatar lita sama da 300, wato jarka 13 mai lita 25. Kullum, har wata huɗu zuwa shida. Daga ina? Wa zai ɗebo? Nawa ne kuɗin mai ko na 'yan garuwa? Ina kuma tsohon ruwan zai tafi? In ka sake shi a lungu, ka haɗa kanka faɗa da maƙwabta ka kuma yi wa sauro gida. In ka ja shi zuwa 'yan kunyoyin alayyafo da zogale, ya zama riba. Wanda bai da amsar waɗannan tambayoyi bai shirya ba tukuna.

Sauran sharuɗɗan a bayyane suke. Tanki ya zauna a inuwa, a kan dakali, da bututun zubar da ruwa a ƙasansa. Baƙin tanki a rana tukunya ce. Tsohon tankin da ba ka san abin da aka taɓa zubawa a ciki ba, ka bar shi. Sabon tankin siminti sai an jiƙa shi an zubar sau da yawa na tsawon makonni, domin siminti yana sakin sinadarin da ke ƙona kifi. A rufe saman da raga saboda tsuntsaye, kuma saboda tarwaɗa tana tsalle, musamman daren da ake ruwa. A tanadi mazubi na biyu, ko na tamfol ne, don rarraba su bisa girma, tunda babba yana cinye ƙarami. Kuma a tsara zubin yadda za a kwashe kafin tsakiyar Agusta, ko a fara bayan ruwa ya janye. Wanda ruwa ya tarar da tankinsa a ƙasa, kifinsa ya koma wa danginsa.

Abin da za a ce mini

Na san za a ce iyayenmu kiwon sake suka yi, ba keji ba tanki, kuma sun ci moriya. Gaskiya ne, kuma ban ce a kulle kajin gida dare da rana ba. Kiwon sake yana da arha, kaza tana nemo rabin abincinta. Amma kowa ya san yadda ake yi: kaza ta ƙyanƙyashe goma sha biyu, shirwa ta ɗauki wasu, sanyi ya kashe wasu, a tsira da 'yan kaɗan. Hunturu ya zo cuta ta share gari. Iyayenmu sun jure wannan ne domin ba su sa jari ba. Kai da za ka sa kuɗin da ka tara ko ka ranto, ba za ka iya jurewa ba. Ɗan akurki mai ƙafa na kwana, da kwandon kife tsaki na makonnin farko, da allurar rigakafin da Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom take samarwa, sun isa su sauya lissafin.

Za a kuma ce babu kuɗi, waya da katako sun yi tsada. Wannan ma gaskiya ne. Amsata ita ce a rage yawan dabbar. In kuɗinka na zomaye goma ne ba keji, sayi uku, mata biyu da namiji, ka gina musu wurin kirki da ragowar. Zomo yana haihuwa sau huɗu ko biyar a shekara in ya samu kula, ukun nan za su cika maka gida. Goman da ka zuba a tsohon ɗaki kuwa, kafin Sallah sai labari. Kuma ba komai ne sai an saya ba. Kara da zana da kaba da reshen darbejiya da fasassun tukwane duk muna da su. Ragar daɓe da ƙusa da 'yan madaukai su ne na saye.

Ga masu raba tallafi, na gwamnati ko na ƙungiyoyi ko na 'yan siyasa, su ma ina da magana. Raba dabba yana da daɗin hoto. Amma a miƙa wa mace zomaye ko tsaki a kwali ba tare da an tambayi inda za ta ajiye su ba, ɗora mata nauyi ne. Gara a ba mutum hamsin dabba da keji da bayanin yini guda, da a ba ɗari biyu dabba tsura.

Bayan lissafin riba akwai na alhaki. Duk mun san hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba, ba ta kuma sake ta ta nemi abinci ba. Dabbar da take sake tana iya guje wa rana, ta nemi tudu in ruwa ya zo. Ranar da ka rufe ta, ka karɓe mata wannan dabara, inuwarta da ruwanta da tsirarta duk sun koma wuyanka.

Aikin da ya rage namu

Mu ɗaliban kimiyya da fasaha, a nan ne ya kamata a ga amfaninmu. Duk shekara ana rubuta furojet, a ɗaure da baƙin bango, a jera a kabad ƙura ta rufe. Ga tambayoyi a ƙofar gidanmu da ke jiran mai aunawa. Wane rufi ne ya fi sanyaya keji a watan Afrilu, kwano da zana, ko kara zalla, ko yumɓu? Ma'aunin zafi biyu da littafin rubutu sun isa a gano. Busasshiyar kacala, wadda ta zame mana bala'i, za ta yi shimfiɗa ko rufi in an daddatsa ta? Tsakaninta da ɓuntu wanne ya fi shan laima? Za a iya ƙera keji mai naɗewa da mace ɗaya za ta ɗauka a ka? Yaya za a haɗa tankin kifi da ɗan lambu yadda ruwa ɗaya zai yi aiki biyu? Ɗalibin noma da na ƙere-ƙere da na gine-gine za su iya haɗuwa a kan tambaya guda.

Ina roƙon ƙungiyar ɗalibai ta nemi ɗan fili a cikin makaranta a kafa samfuri: keji ɗaya na zomo, ɗakin tantabara, akurki mai ƙafa, da tanki guda, duk da kayan da ake samu a kasuwannin yankin nan, a rubuta awo da kuɗin kowanne a allo da Hausa. Duk mai sha'awa, ɗalibi ko mutumin gari, ya zo ya auna ya tafi ya yi nasa. Waɗanda suka iya walda da kafinta a cikinmu ma ga sana'a nan: masu son kiwo suna da yawa, masu ƙera musu wurin da ya dace da fadama su ne babu.

Kai kuma da kake shirin shiga kasuwa da kuɗinka a aljihu bayan jarrabawar ƙarshe, dakata tukuna. Je ka duba alamar ruwa a bango, ka tsaya a inda kake son ajiye kejin da ƙarfe biyu na rana ka ji yadda wurin yake, ka tara ɓuntunka, ka ƙirga jarkokinka. In ka gama ka bar kejin ya kwana biyu babu kowa a ciki, ka ga ta inda rana da iska suke shiga. Kasuwa ba za ta gudu ba, zomo kuma ba zai ƙare ba.

Allah ya ba mu sa'ar jarrabawa, ya sa albarka a abin da za mu kiwata, ya kuma kare garuruwanmu daga ambaliya. Amin.